Zaftare kuɗin UBEC a 2020: yadda abin ya iske hedimasta a Kano

Ranar 17 ga Disamba 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kasafin kuɗin 2020, naira tiriliyan 10.59, wanda aka ɗora bisa tsammanin gangar ɗanyen mai za ta riƙa tashi a dala 57. Ko wata huɗu ba a yi ba lissafin ya wargaje. Korona ta kulle duniya, jirage suka daina tashi, a watan Afrilu gangar mai ta faɗo ƙasa da dala 20. Aka koma Majalisa aka yi wa kasafin kwaskwarima, aka mayar da ma'aunin mai dala 28, Shugaba ya sake sa hannu ranar 10 ga Yuli. Jimillar kuɗin ba ta ragu ba, ƙaruwa ma ta yi zuwa tiriliyan 10.81, domin da bashi aka cike giɓin. Amma a cikin shafukan akwai waɗanda wuƙa ta bi ta kansu, kuma Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Ƙasa, UBEC, tana sahun gaba. Sama da naira biliyan 111 aka ware mata tun farko, aka zaftare fiye da biliyan 50.

An yi ca a jaridu, musamman da yake a kasafin farko akwai biliyan 37 na gyaran ginin Majalisar Dokoki ta Ƙasa. Ƙungiyar SERAP, mai fafutukar sa ido kan yadda gwamnati ke kashe kuɗi, har kotu ta garzaya. Ita kuwa gwamnati tana da amsa, kuma amsar ba ƙarya ba ce. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ba adadi ta yanke wa UBEC ba, kaso ta yanke mata: aƙalla kashi 2 cikin 100 na dunƙulallen asusun kuɗin shigar tarayya. In asusun ya cika ta samu da yawa, in ya rame ta rame tare da shi. Ba sai wani ya zauna ya ƙulla wa yara sharri ba, dokar da kanta take yankewa.

Rabin kuɗin UBEC shi ne tallafin gine-gine da ake ba jihohi, da sharaɗin kowace jiha ta fara ajiye kwatankwacin abin da za a ba ta. Sauran rabin ana karkasa shi ne zuwa littattafai da kayan koyarwa, horar da malamai, yara masu buƙata ta musamman da sa ido. A 2019 kowace jiha tana da kusan biliyan 1.5 a wannan tallafi. A 2020 ya dawo miliyan 715. Kuma daidai wa daida ake rabawa tsakanin jihohi 36 da Abuja, wato Kano mai ƙananan hukumomi 44 da Bayelsa mai 8 abu ɗaya suke ɗauka. In Kano ta zuba nata aka haɗa, abin bai kai biliyan ɗaya da rabi ba. Raba shi gida 44, kowace ƙaramar hukuma za ta tashi da miliyan 32 da ɗoriya, na gini da gyara da benci da banɗaki na shekara guda.

Abin da ke bi ta hannun hedimasta

Wanda bai san makarantar gwamnati ba zai ɗauka ranar da aka sanar da zaftarewar hankalin shugabannin makarantu ya tashi. Ba haka aka yi ba. Da yawansu ba su ma ji labarin ba sai daga baya, waɗanda suka ji a rediyo kuma suka ɗaga kafaɗa. Dalili kuwa shi ne, a tsarin da ake kai, hedimastan firamare ba ya riƙe kasafi. Albashin malamansa daga kason ƙaramar hukuma ake cire shi, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ta biya kowa ta banki. Gini kuwa a hedikwata ake tsara shi, a can ake ba ɗan kwangila, wani lokaci sai an sauke yashi da bulo a harabar makaranta kafin shugabanta ya san an ba shi azuzuwa biyu, alhali shi banɗakin 'yan mata ne damuwarsa. Littattafai ta ofishin sakataren ilimi suke zuwa, ya sa hannu ya karɓa, ko sun isa ko ba su isa ba. To kuɗin da bai taɓa ganin launinsa ba, in an ce an rage shi, me zai ji a ranar?

Abin da yake hannunsa ƙananan abubuwa ne, su kuma ba su da layi tabbatacce a kasafin kowa. Alli. Rajistar kiran suna. Baƙin fentin allo. Tsintsiya, kwado da mukulli, ƙusa da katakon gyaran benci, fallen kwano biyu bayan iskar farkon damina, ɗan abin da ake ba maigadi in ba ma'aikacin gwamnati ba ne, buga takardun jarrabawar ƙarshen zango, kuɗin babur zuwa ofishin ilimi a kai rahoto. Shekara da shekaru waɗannan da kuɗin PTA, ƙungiyar iyaye da malamai, ake yin su, naira hamsin ko ɗari da iyaye kan bayar a zango, sai abin da wani mai hali a unguwa ya jefa.

A nan ne lamarin Kano ya bambanta da na wurare da yawa. A watan Satumba 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole, tun daga firamare har sakandare. Aka hana karɓar ko sisi daga hannun iyaye, aka yi alkawarin gwamnati za ta riƙa turo wa makarantu kuɗin gudanarwa. Manufar mai kyau ce, kuma iyaye sun amsa, yara suka yi ta kwararowa, ajin da dama a cike yake ya ƙara tumbatsa. An kuma sha jin labarin shugabannin makarantu da aka hukunta saboda karɓar kuɗi. Wata shida bayan nan aka rufe makarantu saboda annoba. Kafin a buɗe, Kano ma ta rage nata kasafin daga kusan biliyan 206 zuwa 138.

Saboda haka abu uku ne suka haɗu wa hedimasta lokaci guda: an toshe masa ƙaramar hanyar da ya saba samun kuɗin alli, yara sun ƙaru, asusun da aka ce zai maye gurbin hanyar kuma ya rame tun daga Abuja har gidan gwamnatin jiha. An ɗaure masa hannu aka tura shi fagen dambe.

Akwai na huɗu da ba a cika ambata ba. Tun 2015 akwai shirin tallafa wa ilimi mai suna NIPEP na dala miliyan 100, wanda Bankin Duniya ya kula da shi a Jigawa, Kaduna, Kano, Katsina da Sakkwato. Abin da ya sa shugabannin makarantu ke tuna shi da alheri shi ne yana tura kuɗi kai tsaye asusun makaranta, kwamitin al'umma mai kula da makarantar, SBMC, ya zauna da hedimasta su yanke abin da za a yi. Kuɗin ba su da yawa, kuma ba kowace makaranta ta samu ba. Amma wanda ya samu ya ɗanɗani abin da bai saba ba: ya ga ɓaraka da safe, ya kira kafinta da yamma. Shirin ya ƙare a 2020. A watan Nuwamba na shekarar kuma Birtaniya, wadda ta daɗe tana zuba kuɗi a ilimin Kano da Jigawa da Kaduna tun zamanin shirinta na tallafa wa ilimi mai suna ESSPIN, ta sanar da rage tallafin da take ba ƙasashen waje daga kashi 0.7 zuwa 0.5 na kuɗin shigarta.

Oktoba 2020

Ranar da zaftarewar ta zama abin gani da ido ita ce ranar komawa makaranta. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin Malam Adamu Adamu, ta fitar da ƙa'idojin buɗewa: ruwa da sabulu a bakin ƙofa, na'urar auna zafin jiki, takunkumin fuska, tazara tsakanin yaro da yaro, feshin magani. A takarda babu abin kushewa. Sai dai wanda zai aiwatar mutum ne mai aji ɗaya da yara sama da ɗari a ƙasa, makarantar ba famfo ba rijiya, gini ya yi wata bakwai a rufe damina guda ta wuce ta kansa. Wasu sun tarar iska ta yaye kwano, wasu ɓarayi sun ɓalle ƙofofi da tagogi, wasu awaki da 'yan shaye-shaye ne suka gaje azuzuwan. An raba bokitai da sabulu a wurare, ba a ce ba a yi ba. Amma sabulu ƙarewa yake yi, ruwan bokiti kuma sai an saya wurin mai kura.

Ga yadda ake yi. Hedimasta ya rubuta wa sakataren ilimi: ranka ya daɗe, rufin aji uku ya tafi. Sakatare ya ce an tura sama, a yi haƙuri, ka san halin da ake ciki. Shi ma gaskiyarsa ke nan, ba shi da shi. Sai hedimasta ya juyo wurin shugaban SBMC, su tafi gidan mai unguwa ko dagaci, a yi sanarwa a masallaci bayan sallar Juma'a, a kira shi gudummawa don kada wani ya kira shi haraji. A nemi tsofaffin ɗalibai, a nemi kansila, in an yi sa'a ɗan majalisa ya aiko da bandir ɗin kwano. Abin da ya rage malamai su yi karo-karo. Alli kuwa daga aljihun hedimasta yake fita, kowa ya sani, har ba a ɗaukarsa labari.

Aljihun nan ma bai tsira ba. A ƙarshen 2020 da farkon 2021 ma'aikatan Kano sun ga albashinsu ya zo a gutsure, gwamnati ta ce kason da ke zuwa daga tarayya ne ya ragu. A Kaduna tun Afrilu 2020 aka yanke kashi 25 na albashin manyan ma'aikata da sunan yaƙi da annoba. Shugaban makaranta yawanci yana cikin masu ɗan girman mataki, wato shi ne mai cike giɓi, shi ne kuma aka fara yanka.

Yadda suke kallon abin

Ba bakinsu ɗaya ba. Tsofaffin cikinsu, waɗanda suka fito daga kwalejojin horon malamai ko suka yi firamare a zamanin UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, ba sa ganin 2020 a matsayin sabon abu. Sun san an ƙaddamar da UPE a 1976 da kuɗin mai, sun san da man ya faɗi a farkon shekarun 1980 gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu, malamai suka yi watanni ba albashi, jihohi da dama suka dawo da kuɗin makaranta, yara suka ragu a azuzuwa. Sun ga an kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1988, an rushe ta a 1991, an dawo da ita a 1993. A wurinsu ilimin talaka a Najeriya farashin mai yake bi, kuma mai hankali ba ya gina shirinsa a kan alkawarin gwamnati. Irin waɗannan su ne suka fi iya lallaɓa unguwa, suna da lambar kowane Alhaji. Sai dai wannan ƙwarewa tasu tana da illa: ita take rufa wa gwamnati asiri, domin duk wanda ya zo duba makaranta zai tarar ana karatu, ya koma ya rubuta cewa komai lafiya.

Masu ƙananan shekaru, waɗanda aka yi ta kai wa bita a kan tsara shirin bunƙasa makaranta, su ne suka fi jin zafi. An koya musu su zauna da iyaye su jera buƙatu, su sa farashi, su sa lokaci. Sun yi. Takardar tana cikin durowa. Abin da ke cin ransu ba ƙarancin kuɗin ba ne kawai, a'a, yadda ake auna su da sakamako kamar su ne masu riƙe da lalitar. In yaran aji shida ba su iya karatu ba, hedimasta za a tuhuma. In ya karɓi naira hamsin don buga jarrabawa, shi za a dakatar. In bai yi jarrabawar ba, shi ɗin dai za a tambaya.

Tsakanin birni da ƙauye ma akwai tazara. Makarantar da ke Fagge ko Gwale tana da tsofaffin ɗalibai 'yan kasuwa da manyan ma'aikata, tana bakin titi inda kunya za ta sa a gyara ta. Wadda ke can cikin Doguwa ko Sumaila ba ta da kowa sai manoma, su ma sai kaka suke da abin bayarwa. Idan gwamnati ta janye hannu aka ce al'umma ta ɗauka, to an ce ne kowace makaranta ta yi daidai da arzikin unguwarta. Shugabannin makarantun karkara sun fi kowa gane wannan, shi ya sa su ba sa ɗokin kalmar "haɗin gwiwa da al'umma" da ake yawan yi musu wa'azi da ita a wurin bita.

Abu ɗaya da kusan dukansu suka haɗu a kai shi ne rashin yarda da cewa babu ce ta kawo haka. Suna ganin wuraren da wuƙar ba ta taɓa ba. A 2020, makarantu na rufe, Ma'aikatar Jinƙai ta ce ta kashe sama da naira miliyan 500 wajen kai wa 'yan makaranta abinci gida a Abuja da Legas da Ogun. Ko an kai ko ba a kai ba, mutumin da ke sayen alli da kuɗinsa ba zai ji wannan labari da daɗi ba.

Me ya sa ba a jin muryarsu? Suna da ƙungiya, AOPSHON ta shugabannin firamare, ANCOPSS ta na sakandare, dukansu kuma 'yan NUT ne, ƙungiyar malamai ta ƙasa. Amma shugabancin makarantar firamare ba kujera ce mai kariya ba. Takarda ɗaya daga ofishin ilimi ta isa ta mayar da mutum aji, ko ta jefa shi ƙauyen da sai ya hau babur biyu. Wanda ya kira ɗan jarida ya nuna masa yara a ƙasa ya san abin da zai biyo baya. NUT kuma ƙarfinta a kan albashi da ƙarin girma yake, nan ne take iya tsayar da aiki. Ban taɓa jin an tafi yajin aiki saboda alli ba.

Kada kuma a wanke su tas. Hana karɓar kuɗi bai faɗo daga sama ba. An yi shugabannin da suka mayar da kuɗin PTA na cefane, an yi masu ƙara yawan yara a rajista saboda abincin makaranta, an yi masu kafa SBMC da 'yan uwa da abokai. Jami'in da ya ce yana tsoron tura kuɗi kai tsaye makarantu yana da hujjarsa. Ni dai a ganina hujjar ba ta kai ba. Satar da hedimasta zai yi a dubu ɗari biyu a gaban mai unguwa da iyayen yara, waɗanda suka san farashin kwano a kasuwa, ba ta kama ƙafar wadda ake yi a kwangilar da ba wanda ya ga takardarta a garin ba.

(Af, wata magana da ake yawan maimaitawa a tarukan malamai, cewa UNESCO ta wajabta ware kashi 26 na kasafi ga ilimi, ba ta da tushe mai ƙarfi. Ma'aunin da ƙasashe suka amince da shi a birnin Incheon na Koriya ta Kudu a 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 na kuɗin da gwamnati ke kashewa. Ko da wannan aka auna, kasafin tarayya na waɗannan shekaru bai kai rabi ba.)

Bayan ƙura ta lafa

A takarda kuɗin ya dawo. Kason kowace jiha ya hau zuwa miliyan 946 a 2021, biliyan 1.2 a 2022, kusan 1.4 a 2023. Wato sai da aka shekara uku ba a koma inda ake a 2019 ba, alhali yaran da aka haifa ba su jira ba. Ajin da ba a gina a 2020 ba, ba a gina biyu a 2021 don a rama ba. Yaron da ya shiga aji ɗaya a shekarar annoba ya ci rabin firamarensa a cikin wannan rami.

A watan Yuni 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Kano, ya faɗa da bakinsa cewa yara sama da miliyan 4 a ƙasa suke zama, ya kuma ware wa ilimi kusan kashi 30 na kasafin jiha. Siyasa ta shiga, kowane ɓangare na ɗora wa ɗaya laifi. Shugabannin makarantu dai ba su musa adadin ba, tunda su ne suka ƙirga.

Wata guda bayan nan, ranar 11 ga Yuli 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Jama'a suka yi murna, malaman firamare kuwa gabansu ya faɗi, domin sun tuna zamanin da albashinsu ke hannun ciyaman. Abin da ya faru a Abuja a 2025 bai kwantar musu da hankali ba: makarantun firamare na gwamnati sun yi sama da wata uku a rufe, daga Maris zuwa Yuli, saboda ƙananan hukumomin birnin ba su biya sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba.

A 2024 kason kowace jiha daga UBEC ya yi tsalle zuwa biliyan 3.5, saboda cire tallafin mai da faɗuwar naira sun kumbura asusun tarayya. A Majalisa kuma an yi ta maganar ɗaga kashi 2 ɗin nan zuwa 4 ko 5. Hedimasta ba zai ƙi ba. Amma buhun simintin da bai kai naira 3,000 ba a farkon 2020 ya haura 10,000 a farkon 2024, kuma jihar da ta sha wuya kafin ta ajiye miliyan 715 a 2024 biliyan 3.5 aka jira ta ajiye kafin a sakar mata nata. A ƙarshen 2024 shugaban UBEC na lokacin, Dakta Hamid Bobboyi, ya shaida wa 'yan majalisa cewa sama da naira biliyan 135 na shekarun 2020 zuwa 2023 suna nan kwance, jihohi ba su zo sun ɗauka ba.